Yadda ake sa wa aku kwalar wuya idan yana fige gashinsa, tun daga awo har ranar cirewa

Masu kiwon aku, musamman wannan mai ruwan toka da jar wutsiya da ake kawowa daga kudu da Kamaru, da yawa sun san wannan tashin hankalin. Tsuntsu ya fara tsige gashinsa da bakinsa, yau ƙirji gobe cinya jibi ƙarƙashin fiffike, kafin wata biyu ƙirji ya koma fata zalla, wani ma ba ya tsayawa a gashi sai ya shiga cizon naman har jini ya fito. Toh a nan ne ake cewa a sa masa kwala, wato abin wuya da zai hana bakinsa kaiwa jikinsa. Kwala tana da amfani sosai, akwai tsuntsayen da ita ce ta ceci ransu, amma dan Allah mu fahimci juna tun yanzu, ba ta warkar da figar gashi. Kamar ka riƙe hannun yaro mai ƙazuwa ne, ba zai sosa ba amma ƙaiƙayin yana nan inda yake. Lokaci kawai take saya maka, ciwo ya rufe, kai kuma ka nemo abin da ke damun tsuntsun ka gyara. Wanda ya sa kwala ya koma ya zauna, ranar da ya cire ta aku zai ci gaba daga inda ya tsaya.

Mataki na farko: ka tabbatar shi ne yake figar kansa

Ka dubi kansa. Wannan ita ce alama mafi sauƙi kuma likitocin tsuntsaye ma ita suke fara dubawa. Aku ba zai iya kai bakinsa kan kansa ba, saboda haka mai figar kansa zaka ga gashin kai lafiya lau yana sheƙi, daga wuya zuwa ƙasa ne ɓarnar take. Idan kuma har gashin kai ya zube, toh ko dai abokin zamansa na keji ne yake tsige masa, sai a raba su shikenan, ko kuma cuta ce. Akwai wata cutar bairos da ake kira PBFD mai lalata gashi da bakin aku, gashi ya riƙa fitowa a murɗe yana karyewa, wannan farar hodar da ke jikin aku mai ruwan toka ta ɓace har bakinsa ya koma baƙi wuluk yana ƙyalli. Wannan kwala ba abin da zata yi masa, kuma yana iya shafa wa sauran tsuntsaye, ware shi za a yi a kai shi asibiti.

Sannan kar ka rikita figa da zubar gashi na al'ada. Duk tsuntsu yana sauya gashi, zaka ga gashi a ƙasan keji amma ba zaka ga fili a jikinsa ba. Ka ɗauki gashin da ya faɗo ka duba, wanda ya zube da kansa tushensa a bushe yake sumul, wanda aka tauna zaka gan shi a tattaune ko a gutsure, wanda aka fizgo da ƙarfi wani lokaci har da ɗigon jini a tushe.

Mataki na biyu: anya ma yana buƙatar kwalar?

Nan ne nake saɓawa da mutane da yawa. Idan aku gashi kawai yake tsigewa, fatarsa lafiya babu ciwo babu jini, yana cin abinci yana surutunsa, ni a ganina kar a sa masa kwala. Munin gani ne kawai yake damun mai shi, shi tsuntsun zai iya rayuwa shekaru da ƙirji a fili, amma kwala wahala ce ta gaske a wurinsa. Ka tuna aku da baki yake hawa keji, da ƙafa yake riƙe abinci ya kai baki, da baki yake gyara gashinsa kullum, kuma yawanci idan zai yi barci juya kai yake ya cusa baki a gashin bayansa. Kwala duk tana taɓa waɗannan. Idan damuwa ce da tsoro suka sa shi figa, kaga ka ƙara masa wata damuwar kenan.

Inda kwala ta zama dole shi ne idan yana cizon fata har ya yi rami ko gyambo, galibi a ƙirji ko ƙarƙashin fiffike, ko an yi masa ɗinki yana neman warwarewa, ko kuma duk sabon gashin da ya tsiro sai ya fasa shi jini ya riƙa zuba. Sabon gashi yana fitowa ne a cikin ɗan kube da jini a ciki, kuma tsuntsun da gaba ɗayansa bai wuce giram 450 ba jininsa ba shi da yawa, ɗan abin da kake rainawa zai iya galabaitar da shi. A irin wannan halin babu jira.

Mataki na uku: likita da sikeli

In da hali ka kai shi wurin likitan dabbobi kafin komai, kuma ka tambaya ko akwai wanda ya saba da tsuntsaye, dan ba kowane likitan shanu da awaki ne ya taɓa riƙe aku ba. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi na jami'o'i irin na ABU Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri wurare ne da ya kamata a fara tunawa, ga kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato. Dalilin zuwa likita shi ne figar gashi sau da yawa daga ciki take tasowa, ciwon hanta, ciwon ƙoda, cutar fumfuna a huhu, ƙwayoyin cuta a fata, ko guba ta dalma da zink da yake samu idan yana gwaguyar wayar keji ko tsohon fenti. Tsuntsu idan wani wuri yana masa ciwo a ciki sai ya riƙa cizon fatar da ke saman wurin. Kuma likita zai iya ba shi maganin rage zafin ciwo da ya dace da nauyinsa, wanda shi kaɗai ma wani lokaci yana rage cizon. Kar ka ba shi maganin mutane da ka, wallahi ƙwaya ɗaya ta ishe ta kashe shi.

Sai sikeli. Ka nemi ƙaramin sikelin kicin na dijital mai auna giram, irin na masu yin kek. Kafin ka sa kwala ka auna shi da safe kafin ya ci komai, ka rubuta. Aku mai ruwan toka yawanci tsakanin giram 400 ne zuwa 500 da ɗoriya, ƙaramin akun nan kore mai ruwan ɗorawa a ciki da ake samu a dazukan arewa kuma giram 120 zuwa 170. Ka auna kwalar ita ma daban dan ka riƙa cire nauyinta. In ba ka da sikeli gaskiya kar ka fara, domin tsuntsu yana ɓoye rashin lafiya sosai, gashi kuma yana ɓoye rama, sikeli ne kaɗai zai gaya maka gaskiya da wuri.

Mataki na huɗu: wace iri zaka sa

Akwai mai taushi ta yadi, ana yinta da yadin fulis, wannan na bargon jarirai da rigunan sanyi da ake samu a gwanjo. Ana jera faifai uku ko huɗu a kan juna su sauko su rufe ƙirji da kafaɗa, gefensu a tsattsage, sai tsuntsun ya riƙa wasa da tsagar yana taunawa maimakon gashinsa. Ita ce mafi sauƙin sabo kuma da ita nake ba da shawarar a fara idan ciwon ba mai zurfi ba ne. Matsalarta biyu, aku mai naci zai ɗaga ta ya shiga ƙarƙashi, sannan tana riƙe zafi, kuma wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai ta roba mai siffar mazurari ko faifai, wadda likitoci da yawa suke yankawa daga tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti. Ita ce mai tsare ciwo da gaske, amma ita ce mafi wahalar sabo. Ana iya juya bakinta ya kalli gaba wajen kai, ko ya kalli baya ya kifu a kan kafaɗa. Ga aku wadda ta kifu baya ta fi, dan yana ganin gabansa kuma bakinsa yana isa kwanon abinci.

Sai ta uku mai siffar bututu, ana yanka sosan da masu gyaran AC suke naɗe bututu da shi a zagaya wuya dan ya hana shi lanƙwasa wuya. Wannan ka bar wa likita, in ta yi tsawo tana miƙar da wuya da ƙarfi, in ta sauko ƙasa tana danne jakar abinci, wannan da ke kumbura a gindin wuya idan ya ƙoshi. Wasu kuma 'yar riga suke ɗinkawa mai rufe ƙirji, tana yi wa mai tsige gashi kawai amma ba a ɗora ta a kan ɗanyen ciwo, tana mannewa.

Mataki na biyar: awo da haɗawa

Abin da ke ruɗar mutane shi ne wuyan aku siriri ne sosai, gashi ne yake sa a gan shi da kauri. Ka sa tef ɗin tela mai laushi ka auna zagayen wuyan a tsakiya, ka kwantar da gashin amma kar ka matse. Sannan ka auna daga wuya zuwa ƙarshen baki idan ya miƙa kai. Dokar ramin tsakiya ita ce ya fi wuya faɗi yadda kwalar zata iya juyawa, amma kar ya kai faɗin kai, in ba haka ba zai zare ta, ko mafi muni ya cusa bakinsa na ƙasa a ramin ya maƙale. Ga babban aku, kan ƙaramin yatsanka ya iya shiga tsakanin kwala da wuya, ga ƙananan tsuntsaye kuma ƙasa da haka.

Ta yadi: ka yanka faifai uku, na ƙasa ya fi girma yadda zai sauko ya rufe inda yake figa, na sama su riƙa raguwa. Ka huda ramin wuya a tsakiyar duka, ka tsaga gefe ɗaya daga rami zuwa waje dan buɗewa, tela ya ɗinke su tare a zagayen ramin ya sa maɓalli mai taushi ko Velcro, wannan mai mannewa na takalman yara, a wajen tsagar, sai ka tsattsaga gefuna da almakashi. Fulis ake so saboda ba ya warware zare. Tawul, safa, atamfa, duk suna sakin zare, zaren kuma yana naɗe yatsan tsuntsu har ya kashe yatsan, ko ya haɗiye ya cunkushe masa jakar abinci. Ko fulis ɗin ma in ka ga yana gutsura yana haɗiyewa ba tofarwa ba, cire ta zaka yi. Ka ɗinka guda biyu dan wanki, kuma ka zaɓi kala mai sanyi kusa da kalar jikinsa, wasu suna firgita da ja ko ruwan lemo mai haske.

Ta roba: ka fara gwadawa da takarda tukuna har ka samu girman da ya yi, sannan ka zana a kan fim ɗin. Faɗin daga ramin wuya zuwa gefe ya ɗan wuce tsawon da ka auna zuwa ƙarshen baki, gara ta yi girma ka rage daga baya. Ka wanke fim ɗin sosai ka shanya. Ka yanka, ka tsaga gefe ɗaya, idan ka ɗora gefen tsagar a kan juna zata lanƙwashe ta yi mazurari. Bakin ramin wuya kaifi gare shi, dole ka naɗe shi da filastar asibiti ta yadi ninki biyu ko uku, ko ka fara liƙa siririn soso sannan filasta. Gefen waje ma ka bi shi da filasta. Babban aku yana iya tauna fim guda ɗaya, sai a haɗa biyu. Wajen rufewa filasta mai ƙarfi ta isa, in kuma ka sa ƙusar sitefila toh ƙafafunta su kalli waje kuma ka rufe su ruf da filasta dan kar ya ciro ya haɗiye.

Idan ba gaggawa ba ce, ka ajiye kwalar kusa da keji kwana biyu ko uku yana ganinta, ka riƙa taɓa ta a gabansa kana ba shi abin da yake so. Yana rage firgici sosai.

Mataki na shida: gyara keji kafin a saka

Wannan kafin ake yinsa, ba bayan tsuntsu ya faɗo ba. Ka sauke sandunan tsayawa ƙasa sosai, kusan taɓa ƙasa, ka bar ɗaya ko biyu masu kauri. Ka cire lilo da igiya da duk wani abin da kwala zata iya sarƙewa a ciki. Ka shimfiɗa bargo mai kauri a ƙasa ka rufe shi da farar takarda ko jarida, bargon dan faɗuwa, takardar dan ka riƙa ganin kashinsa. Kwanukan abinci masu zurfi da ake maƙalawa a jikin keji ba zasu yi ba yanzu, ka kawo masu faɗi marasa zurfi ka cika su har baki. Ruwan sha kuma ɗan kaɗan a faranti mai nauyi, domin tsuntsun da ya kife da kwala a cikin ruwa mai zurfi zai iya kasa tashi. In kejin dogo ne sosai gara ka mayar da shi ƙarami na 'yan kwanaki.

Mataki na bakwai: sakawa

Da safe ake sakawa, ranar da kake gida wuni guda, ba da dare ba kuma ba ranar da zaka fita kasuwa ko ofis ba. Ka bari ya ci ya sha, a ɗan jima abincin ya sauka. Mutum biyu ake buƙata. A rufe ƙofa da taga, a kashe fanka, a rage haske. Mutum ɗaya ya lulluɓe shi da tawul ya riƙe kan ta baya, babban yatsa da manuni a gefen muƙamuƙi biyu, ɗaya hannun ya tallafe fukafukai da ƙafafu. Abu mafi muhimmanci a nan, kar a danne ƙirji ko kaɗan. Tsuntsu da motsin ƙashin ƙirjinsa yake numfashi, in ka matse ƙirji ka toshe masa numfashi kenan ko da hancinsa a buɗe yake.

Na biyun ya zagaya kwalar a wuya, marufin ya koma ta ƙeya inda baki ba ya kaiwa, ya tabbatar ta zauna a saman jakar abinci, wannan da ke kumbura a gindin wuya idan ya ƙoshi, ba a kanta ba. Ya gwada yatsa, ya juya ta ya ga tana juyawa, ya duba ba a haɗa da gashi a cikin filasta ba. Duk abin kar ya wuce minti biyu zuwa uku. In kuka ga yana haki baki buɗe ko jikinsa ya saki, ku sake shi nan take ya huta, a sake gwadawa daga baya. Idan an gama a ƙasan keji ake ajiye shi a kan bargo, ba a kan sanda ba.

Akun da aka kamo daga daji ya fi shan wahala a wannan matakin dan hannun mutum abin tsoro ne a wurinsa, irinsa gara likita ya saka, wani lokaci ma sai an ɗan ba shi maganin kwantar da hankali. Kuma tunda maganar ta zo, tun taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, na 2016 a Johannesburg ta Afirka ta Kudu aka hana cinikin aku mai ruwan toka kamun daji tsakanin ƙasashe saboda yadda yake ƙarewa, a Ghana ma kusan ya ɓace. Wanda ke hannunka ka riƙe shi amana, amma dan Allah kar a ƙara sayen na daji.

Kwana biyun farko

Abin da zaka gani zai tayar maka da hankali, gara ka sani tun yanzu. Zai yi ta ja da baya, ya kife, ya yi birgima, ya sa ƙafa yana ƙoƙarin tuɓe ta, ya yi ƙara, wani kuma ya kwanta shiru ya kifa kai ƙasa kamar ba zai sake tashi ba. Yawanci cikin 'yan awanni zai fara tsayuwa, cikin kwana ɗaya zuwa uku ya koyi cin abinci da ita. Ka zauna kusa kana masa magana a hankali, yara su ba shi wuri, kyanwa kuma kar ta kusanto dan yanzu ba ya iya kare kansa. Daren farko ka bar ɗan haske a ɗakin.

Tunda ba zai iya riƙe abinci da ƙafa ba, ka yayyanka komai ƙanana, ka ba shi da hannu ko a cokali, abu mai laushi da ya saba da shi, ayaba, gwanda, dafaffen dankali, dafaffiyar masara. Yanzu ba lokacin sauya masa abinci ba ne, duk abin da zai ci ka ba shi. Ka kai masa ruwa har baki a cokali amma kar ka ɗura masa da sirinji da ƙarfi, yana iya shaƙewa ruwan ya tafi huhu.

Ga inda zaka cire kwalar ba tare da jiran kowa ba: idan numfashinsa ya sauya yana haki ko wutsiya tana sama da ƙasa da kowane numfashi, idan yana amai ko jakar abinci ta kumbura ta ƙi sauka, idan baki ko farce ya maƙale a ramin, idan ya wuni cur bai ci komai ba, ko kashi ya ragu sosai ya koma ɗan kore mai duhu, alamar ciki babu komai kenan. Ƙananan tsuntsaye irin su tsirya ba a ma jira wuni guda da su. Sikeli kuma kullum da safe, in ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa ka ƙara ƙaimi wajen ciyarwa ka kira likita, in ya kai kashi 10, misali mai giram 450 ya sauko 405, wannan gaggawa ce. In an cire kwala saboda ɗaya daga cikin waɗannan kuma ciwon yana nan, sai a zauna da shi ana tsaronsa har a samu likita ya sauya wata iri.

Kula ta kullum

Kowace rana ka ɗaga kwalar ka duba fatar wuya da kafaɗa ko ta goge ta yi ja, ka goge ragowar abincin da ya manne, ta yadi kuma a sauya a wanke da sabulu mara ƙamshi a shanya ta bushe ƙarau. Lokacin zafi ka ajiye keji a inuwa inda iska ke shiga, in ka ga ya buɗe baki ya ware fukafukai daga jiki zafi ya masa yawa, ka rage faifan yadin ko a koma ta roba.

Ciwon kansa ana wanke shi da ruwan gishirin asibiti na ƙarin ruwa, ko aidin da aka sirka har ya yi kalar shayi mara kauri. Kar a shafa man kaɗanya, basilin, manja ko man zafi, maiƙo yana damƙe gashi ya hana shi aikinsa kuma yana ƙara sa tsuntsu son cire gashin. Mayukan ƙuraje na kemis masu sitiroyid kuma haɗari ne babba ga tsuntsu, suna karya masa garkuwar jiki. Masu shafa barkono ko maɗaci dan ya daina cizo su ma su bari, tsuntsaye ba sa jin yajin barkono yadda muke ji, azaba kawai za a ƙara wa ciwon. In sabon gashi ya fashe yana jini, ka barbaɗa garin sitaci ko fulawa ka danna a hankali na 'yan mintuna, in bai tsaya ba sai asibiti.

Aikin da zaka yi yayin da kwalar take wuya

Ka fara da abinci bayan ya saba da kwalar. Yawancin akun da ke gidajenmu gyaɗa ce da masara da rake abincinsu shekara da shekaru, wannan kuma yana kawo ƙarancin bitamin A, fata ta bushe ta riƙa ƙaiƙayi, ga gyaɗar da ta yi fumfuna tana lalata hanta. A dajinsa aku mai ruwan toka yana cin kwakwar manja sosai, in zaka samu ɗanya ka ba shi ɗaya ko biyu a rana. Ka ƙara karas, kabewa, gwanda, mangwaro, jan tattasai, ganyen zogale, dafaffen wake da ɗan dafaffen ƙwai, gyaɗa ta koma 'yar kyauta ta hannu. Kar a ba shi piya, cakulan, shayi, kofi ko goro.

Sai iska. Wannan tsuntsun dajin ruwa ne, hunturun arewa da busasshiyar iskarsa suna busar masa da fata, shi ya sa wasu suke lura figar tana ƙaruwa daga Disamba zuwa Fabrairu. Ka riƙa fesa masa ruwa zalla da kwalbar feshi da hantsi, in ta yadi ce a wuyansa ka cire ka tsaya a kansa har ya bushe sannan ka mayar. Ka nisanta shi da turaren wuta, hayaƙin sigari, hayaƙin janareta da na kicin, maganin sauro na kunnawa da na fesawa da fiya-fiya, hayaƙin kaskon Teflon, wannan da abinci ba ya kamawa, idan ya ƙone kuwa kashe tsuntsu yake cikin mintuna. Yana buƙatar hasken rana na safe kai tsaye ba ta gilashi ba, da wurin inuwa da zai koma, dan irinsa suna yawan fama da ƙarancin kalsiyam. Barci awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu da shiru, ba a falo ana kallo har sha biyun dare ba.

Sannan zaman banza, wanda a ganina shi ne babban dalili a gidaje da yawa. A daji aku yana shafe awanni yana neman abinci cikin garke, a keji kuma minti kaɗan ya ƙoshi sai ya zauna shi kaɗai ba abin yi sai gashinsa. A 2008 an wallafa wani bincike daga jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan inda aka sa wa tsuntsayen aku masu figa abinci a cikin bututu mai huji, sai sun yi ta juya shi kafin abinci ya faɗo, kuma gashinsu ya gyaru. Kai ma zaka iya, ka ƙunshe gyaɗa a takarda, ka cusa abinci a kwali, ka ba shi ɗanyen reshen zogale ko na gwaiba da ba a yi wa feshi ba ya ɓare, ka ba shi masara a jikin totuwarta. Kuma idan ka gan shi yana figa kar ka yi tsawa ko ka rugo da gudu, yana koyon cewa figa ce take kawo ka. Ka riƙa zuwa wurinsa lokacin da yake wasa ko surutu.

Cirewa

Idan dan ciwo aka sa, sai ciwon ya rufe gaba ɗaya ɓawon ya faɗi da kansa, ƙaramin ciwo sati biyu zuwa uku, mai zurfi yana iya cin wata da watanni. Gashin da aka tsige daga tushe yana ɗaukar kamar sati huɗu zuwa takwas kafin ya dawo, wanda aka gutsure kuma tushen yana ciki sai lokacin sauya gashi. Inda aka shekara ana tsigewa tushen yana iya mutuwa, wurin ba zai sake gashi ba ko an shekara da kwala, kar a wahalar da tsuntsu a kan wannan.

Ba a cirewa rana ɗaya. Ka fara da minti 15 zuwa 30 kana zaune a wurin, bayan wanka ya fi, ga abin ɓarewa a gabansa. Zai hau gyaran gashi da zafi-zafi dan ya daɗe bai yi ba, wannan daidai ne ka ƙyale shi, abin da kake dubawa shi ne ko ya nufi tsohon wurin yana fizga ko cizo. In ya yi haka ka mayar ba faɗa, ka sake gwadawa bayan kwana biyu. In bai yi ba ka riƙa ƙara lokaci, awa ɗaya, rabin wuni, wuni guda, dare ne na ƙarshe dan da yawa da asuba suke ɓarnar kafin kowa ya tashi. Ta roba ana iya rage faɗinta da almakashi kaɗan-kaɗan duk bayan 'yan kwanaki, ko a sauka daga ta roba zuwa ta yadi kafin a bari gaba ɗaya. Sandunan keji ma a hankali zaka mayar da su sama. Kwalar kuma ka wanke ka adana ta inda zaka samu da sauri, ka ci gaba da awon sikeli sau ɗaya a sati, domin figa tana iya dawowa lokacin hunturu, ko idan an yi ƙaura, ko wanda ya saba da shi a gidan ya yi tafiya.